Katin Jirgin Jidda

Azumin wannan shekara ya faɗo a tsakiyar bazara, a shekarun nan da komai ya yi tsada ban da ran talaka. Damina biyu a jere ta yi gardama a arewacin Kano, rumbuna suka koma gidan ɓeraye, kuma duk wanda ba shi da ɗan filin noman rani a ƙarƙashin madatsar Watari sai dai ya kama hanyar birni. Ran sha ɗaya ga azumi, Alhamis da sassafe, mai unguwar Tudun Maɗaci ya turo ƙanensa a keke zuwa caji ofis cewa an kashe mutum a gona.

Sufeto Iliyasu ne a bakin aiki. Dogon mutum ne mai furfura a gefen kai, shekararsa ashirin da biyu a aikin ɗan sanda, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa wuce Kaduna ba. Motar ofis ta yi wata uku a kan duwatsu, ba taya ba mai. Don haka ya tuƙo tsohon babur ɗinsa, ya goya Kofur Usmanu, suka kama hanya.

Gawar tana kwance rub da ciki a gefen wani fangalin albasa, an rufe ta da tabarma. Sunan mamacin Sama'ilu, manomi ne ɗan kimanin shekara arba'in. An sare shi a ƙeya sau ɗaya, kuma sau ɗayan ya isa. Fartanyar da aka yi aikin da ita tana nan a yashe, jini ya bushe a bakinta.

Mai unguwa ya yi bayani. Jiya Laraba layin ban-ruwa na Sama'ilu ne, daga la'asar har magariba, shi ya sa ya ce wa iyalinsa a gona zai sha ruwa. Masu komawa gida sun gan shi da ransa wajen ƙarfe shida. Da aka idar da magariba aka ji shiru, aka biyo sawu, aka same shi haka.

Sufeto ya durƙusa ya laluba aljihun mamacin. Ya ciro ƙullin leda da busasshen dabino guda uku, irin na kasuwar ƙauye. Ga goran kununsa can a rataye jikin dalbejiya, ko buɗe shi ba a yi ba. Ashe bawan Allah bai kai ga shan ruwa ba, da azuminsa a baki ya tafi.

Amma wani ya sha ruwa a wurin. A gindin dalbejiyar, taku biyar daga gawar, Sufeto ya ga inda mutum ya zauna, ga ƙwallon dabino guda uku a jere. Ba irin na aljihun mamacin ba ne, waɗannan dogaye ne, da sauran danƙon nama a jikinsu, tururuwa ta yanyame su. Kusa da su akwai wani ɗan murfi mai ƙyalli, kewayayye, mai taushi kamar takarda. Ya naɗe su a hankici ya sa a aljihu. Abin ya tsaya masa a rai. Wane irin mutum ne zai kashe ɗan'uwansa musulmi, sannan ya zauna kusa da gawar ya jira ladan?

"Fartanyar wa ce?" ya tambaya.

Daga bisani mai unguwa ya ce ta Basiru ce, mai gonar da ke maƙwabtaka. Ya ƙara da cewa jiya da hantsi an ji su suna cacar baki a kan ruwa, Basiru na cewa Sama'ilu ya toshe masa magudana albasarsa na ƙonewa. Har ya furta cewa sai ɗayansu ya bar wa ɗaya wurin.

Basiru yana zauren gidan mai unguwa tun daren jiya, samari na gadinsa. Ɗan siririn mutum ne mai 'ya'ya shida, kuma kowa ya san shi a garin, don shi ne ke bi lungu-lungu yana tashin mutane sahur, ya kuma fi kowa yi wa samari faɗa a kan wasa da azumi. Ya amsa cewa fartanyarsa ce, ya amsa cewa sun yi faɗa. Amma ya rantse tun la'asar ya baro gona ya je gida ya kwanta.

Matarsa, da aka tambaye ta, ta ce bai shigo ba sai bayan kiran magariba. Ba ta san me mijinta ya faɗa ba, gaskiyarta ta faɗa, gaskiyar kuwa ta ɗaure shi. Kofur Usmanu ya sa masa ankwa.

Bayan an yi jana'iza Sufeto ya je gidan mamacin. Matar, Huseina, ta shiga takaba, don haka daga bayan labule ta yi magana. Muryarta ta dushe. Ta ce mijinta ba shi da abokin gaba, faɗan ruwa kuwa kowace shekara sai sun yi da Basiru, da salla su ci tuwo a kwano ɗaya.

"Ba wani kuma?" in ji Sufeto.

Huseina ta amsa daga bayan labule.

"Uban 'yata ya dawo jiya."

Labarin a hankali ya fito. Mijinta na fari, Ɗahiru, aminin Sama'ilu ne tun suna yara. Shekara bakwai da suka wuce, da fari ya fara cin ƙasar, ya tafi Umra da niyyar ya zauna ya yi aiki. Ya bar ta da jaririya, Maryam, ya bar wa Sama'ilu amanar gona da gida. Shekara ta farko wasiƙa biyu ta zo. Daga nan ɗif. Sama'ilu ne ya ciyar da su a shekarun da mutane ke cin dusa. A shekara ta biyar alƙali ya raba auren, ta yi idda, dangi suka ga babu wanda ya fi cancanta, aka ɗaura da Sama'ilu. A gidan Ɗahirun suka zauna, don Sama'ilu ya ce kada a raba yarinya da ɗakin ubanta.

Jiya, ana sallar asham, Ɗahiru ya shigo gari da jaka ɗaya a kafaɗa. Yana cikin waɗanda hukumar can ta kwaso ta dawo da su.

Sufeto ya same shi a zauren kawunsa, zaune a kan buzu da carbi. Baƙi ne kakkaura, amma wahala ta zabge shi, farar jallabiyarsa kuwa wankakkiya ce fes. Ya yi gaisuwa cikin ladabi. Ya ce Sama'ilu ɗan'uwansa ne, maganar aure kuma ya ji ta tun yana can, ya bar wa Allah.

"Ƙarfe nawa ka sauka Kano?"

"Ƙarfe shida, Yallaɓai. A filin jirgi na sha ruwa."

Ya zura hannu a jaka ya ciro katin shiga jirgi. Ga sunansa, ga kwanan watan jiya, ga Jidda, ga Kano, ga lokacin tashi: ɗaya da rabi na rana. Ya ce tafiyar awa huɗu da rabi ce, kowane alhaji ya sani. Ya ce in ana son shaida a tambayi Hajiya Zuliha, wata tsohuwa 'yar ƙauyen gaba da ke sayar da tuwo a Jidda, a bayansa ta zauna, yanzu tana gidan 'yarta a Bacirawa.

Da ya miƙo katin, idon Sufeto ya faɗa kan agogon hannunsa. Ƙarfe ɗaya ya nuna, alhali ko sha ɗaya ba ta gama cika ba. Ɗahiru ya lura, ya ja hannun riga ya rufe, ya ce agogon banza ne, na gwanjo.

A ofis DPO ya ɗauki biro ya yi lissafin a bayan fayil. Ɗaya da rabi a tara da huɗu da rabi, shida ke nan. Daga filin jirgin Kano zuwa Tudun Maɗaci, ko da lafiyayyar mota, sai an yi awa ɗaya da rabi. An kashe mutum tsakanin shida da kiran salla. Wato lokacin da ake saran Sama'ilu, Ɗahiru bai ma gama saukowa daga matakalar jirgi ba.

"Kana da fartanya, kana da faɗa, kana da ƙarya," in ji DPO. "Me kake nema kuma? Ran Litinin za a kai shi Kano."

Sufeto ya san ma'anar wannan. In fayil ɗin kisa ya tafi Kano da sunan talaka a kai, to talakan ya tafi ke nan. Ko ba a rataye shi ba, zai tsufa a gidan yari yana jiran shari'a, 'ya'yansa shida su watse. Ya nuna wa DPO ƙwallayen dabinon. DPO ya ce shi bai taɓa jin an gurfanar da dabino a gaban alƙali ba.

Kwana biyu Sufeto yana shiga sel yana fita. Basiru na nan a kan bakansa, a gida ya kwanta. Abin da kawai yake tambaya shi ne ko wani ya ba albasarsa ruwa. Ba wanda ya ba ta, don ba mai son a gan shi a gonar wanda ake zargi da kisa.

Ran Asabar da azahar Sufeto ya kori kurtun da ke gadi, ya zauna a ƙasa kusa da Basiru. Ya ce masa shi ya gaji, zafi ya ishe shi, kuma jibi mota za ta zo.

"Malam Basiru, ban yarda kai ka kashe shi ba. Amma ƙarya kake yi mini, kuma ƙaryar nan ce za ta kai ka igiya. Ina ka je?"

Basiru ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, hawaye ne a fuskarsa.

"Yallaɓai, in na faɗa, ka rufa mini asiri?"

Abin da yake ɓoyewa bai taka kara ya karya ba, amma a wurinsa ya fi kisan nauyi. Gyambon ciki ke damunsa tun bara. Ranar Laraba wajen ƙarfe biyar cikin ya murɗa har yana ganin duhu. Ya ajiye fartanya a bakin magudana, ya lallaɓa ƙarƙashin kwalbatin bakin titi, ya kwanta ya sha ruwa kamar akuya. Shi mai tashin mutane sahur, shi mai yi wa samari wa'azi. Kunya da ciwo suka hana shi fitowa, yana nan kwance har aka kira salla, sannan ya bi ta bayan gari ya shiga gida. Ya gwammace a ce ya yi kisa da a ce ya sha azumi.

Sufeto ya ji kamar ya mare shi, ya kuma ji tausayinsa ya kama shi. Ya ce masa marar lafiya ai Allah ma ya ɗauke masa. Basiru ya ce Allah ya ɗauke, amma mutanen Tudun Maɗaci ba za su ɗauke ba.

"Kana kwance a nan, ba ka ga kowa ba?"

Ya ce ya ji motar Kano ta tsaya a saman kwalbatin, rana ta yi sanyi, shida ta kusa. Mutum ɗaya ya sauka. Bai ga fuskarsa ba, bayansa ya hango. Farar doguwar riga, jaka a kafaɗa. Bai bi hanyar gari ba, sai ya gangara cikin gonaki.

Sufeto ya fito daga sel kansa na juyawa. Farar riga da jaka, kafin shida. Amma ga kati a fayil, bugun inji ne, ba rubutun hannu ba. Mutum ba ya zama a sama da ƙasa lokaci guda. Kuma maganar wanda ake tuhuma, wanda ya riga ya yi ƙarya sau goma, ba alƙalin da zai saurare ta.

Ran Lahadi ya tsiyayi man da ya rage a injin ban-ruwan maƙwabcinsa ya zuba a babur, ya nufi Bacirawa. Bai sa ran komai ba. Ya san tsohuwar za ta ce ta ga Ɗahiru a jirgi, shi ke nan ƙofa ta rufe.

Hajiya Zuliha na zaune a tsakar gida a inuwar katanga, ƙafafunta sun kumbura. Shekara goma sha tara ta yi a Jidda, aka kama ta a bakin tukunya, aka dawo da ita da zanen jikinta. Tukwanenta, katifarta, komai yana can. Da ta ji sunan Ɗahiru ta ce ƙwarai ta san shi, mai wankin mota, a gabanta ya zauna, tun daga Jidda har Kano bai ce uffan ba.

Sufeto ya rufe littafinsa. Ya yi godiya, ya ce Allah ya huta gajiya, ya ba da ladan azumi. Kalmar azumin ce ta tayar da ita.

"Kai dai bari, ɗan nan. Shekara hamsin ina azumi, ban taɓa yin mai tsawon na ranar Laraba ba."

Sufeto ya tsaya da hularsa a hannu.

Ta ce sun yi sahur a inda aka tsare su, da ruwa da gutsuren burodi. A jirgi aka raba wa kowa ɗan ƙunshi na buɗa-baki, kofin ruwa da dabino uku. Ita ta riƙe nata a cinya tana ta tambayar wata mai agogo a gefenta. Da matar ta ce shida ta yi, jirgi ya fara sauka, ta ce alhamdu lillahi, saura kaɗan. Ta leƙa taga, sai ga rana tsaye ƙiri-ƙiri kamar an kafe ta da ƙusa.

"Muna fitowa ana kiran la'asar. La'asar fa! Na zo gidan nan, na yi wanka, na yi kukana, na yi barci, na tashi, ranar nan ba ta faɗi ba."

"Hajiya, Ɗahiru fa? A filin jirgi ya sha ruwa?"

Ta ce wane shan ruwa. Shi da ba shi da kaya, shi ya fara fita, ko sallar bai tsaya yi ba.

Ya roƙi ta nuna masa ƙunshin. Dabinon ta cinye, amma kofin yana kan taga, jikokinta na wasa da shi. Ɗan kofin roba ne, murfinsa mai ƙyalli na maƙale a gefe. Sufeto ya kwance hankicinsa ya ɗora nasa murfin a kai. Ya zauna daidai.

Daga Bacirawa zuwa filin jirgi ba nisa. Ya sha yawo daga ofis zuwa ofis kafin ya sami wani ma'aikaci mai haƙuri da ya buɗe masa rajistar saukar jirage. Jirgin Jidda na ranar Laraba ya taɓa ƙasa ƙarfe huɗu da minti biyar.

Ma'aikacin ya ga yadda ya yi sororo, ya ja shi gaban wata taswira a bango. Ya sa yatsa a Jidda ya jawo shi zuwa Kano, ya ce tsakaninsu ya fi kilomita dubu uku, jirgi na cinye su cikin awa huɗu da rabi, wannan gaskiya ne. Sai dai rana tana riga fitowa a can, agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Mai zuwa daga gabas bin rana yake yi. Lokacin da ke jikin kati na Jidda ne, wanda ke cikin rajista na Kano ne.

Sufeto ya tuna an taɓa koya musu wannan a aji shida, da lemo da fitila. Shekara talatin da wani abu bai sake buƙatarsa ba. Shi da DPO sun yi wa jirgin sama lissafin motar Bichi, ka tashi ƙarfe kaza, ka ƙara awa kaza. Kunya ta kama shi, ga kuma baƙin ciki, don saura kwana ɗaya wannan lissafi ya ci ran mutum.

Litinin da safe ya aika Kofur Usmanu ya zo da Ɗahiru, a kan cewa zai sa hannu a takarda ya karɓi katinsa. Ya shigo da sallama, ya zauna a benci. DPO na tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu.

Sufeto ya ɗauko kayan shaidarsa. Ya shimfiɗa hankici a tebur, ya jera ƙwallayen dabino uku, ya ajiye murfin, ya ajiye kofin Hajiya Zuliha, ya ajiye takardar da ma'aikacin filin jirgi ya buga wa hatimi.

"Malam Ɗahiru, ƙarfe nawa a agogonka?"

Ɗahiru bai duba ba.

"Agogon ofis ya ce tara. Naka ya ce sha ɗaya. Ba na banza ba ne, lafiyarsa lau, lokacin Jidda yake ba ka. Ƙarfe huɗu kuka sauka. Kafin shida kana kan kwalbatin Tudun Maɗaci. A ina ka sha ruwa ranar Laraba?"

Ɗahiru ya daɗe yana kallon ƙwallayen dabinon. Sannan ya kwance agogon ya ajiye kusa da su.

"A gindin dalbejiya," ya ce. "Ni na dasa ta."

Bai yi gardama ba, bai yi kuka ba. Ya yi magana a hankali kamar mai ba da labarin wani. Ya ce bai daina rubuto wasiƙa don ya manta ba, sai don ba abin da zai sa a ciki. Shekara bakwai yana wanke motocin mutane, yana kwana a kango, yana gudun 'yan sanda. Da wani alhaji ya ba shi labarin auren, ya ce ba komai, ran da ya tara abin kansa zai dawo ya ɗauki 'yarsa. Sai ga shi an dawo da shi da jaka ɗaya, rabinta tsumma.

A cikin jirgi abu ɗaya ya yi ta lissafawa. In sun sauka shida, kafin ya isa gari duhu ya yi, ya shige zauren kawunsa ba wanda ya ga yadda ya dawo. Wannan kaɗai ya roƙa, duhu.

"Sai na fito na tarar da rana, Yallaɓai. An ƙara mini awa biyu, na rasa inda zan kai su."

Ya ce ya kasa zama a filin jirgi, mutane na kallonsu ana nuna su. Ya shiga mota. Da suka iso kwalbati gari da sauran haske, ya ga ba zai iya ratsa kasuwa a haka ba, ya ce bari ya je tsohuwar gonarsa ya jira magariba. Bai san layin ruwa na Sama'ilu ba ne.

Sama'ilu ya gane shi tun daga nesa. Ya yar da abin hannunsa ya taho da gudu ya rungume shi, yana hamdala.

"Da zagina ya yi, da yanzu yana raye. Sai ya ce, taho mu je gida ka sha ruwa a wurina, Maryam ta gaishe da baƙo. A wurinsa. Gidan da na gina da hannuna. Baƙo."

Sama'ilu ya juya ya sunkuya zai toshe ruwa su tafi. Fartanya na nan a bakin magudana.

"Bayan nan fa?" in ji Sufeto.

"Aka kira salla. Bakina ya bushe tun Jidda. Na zauna na sha ruwa."

Ya ce ya wanke hannun rigarsa a magudana, ya ɓuya cikin ciyawa har aka ɗauke hankali, ya zagayo ta titi ya shigo gari. Da mutane suka tambaye shi yaushe ya sauka, ya faɗa musu abin da agogonsa ya nuna lokacin da jirgi ya sauka. Da ya ga kowa ya gamsu, sai ya riƙe.

"Kwana biyar," in ji Sufeto, "kana jin mai 'ya'ya shida a sel saboda kai."

Ɗahiru ya ce ya sani. Ya ce kullum da asuba yana niyyar zuwa, in gari ya waye sai ya kasa.

Motar da aka aiko daga Kano don Basiru ita ta ɗauki Ɗahiru. A bakin kantar caji ofis suka haɗu, ɗaya na fitowa ɗaya na shiga ankwa, ba wanda ya kalli wani. Kafin a rufe ƙofar motar Ɗahiru ya tambayi Sufeto ko yarinyar ta san shi ne ubanta. Sufeto ya faɗa masa abin da Huseina ta faɗa ta bayan labule, cewa tun Maryam na koyon magana Sama'ilu ke gaya mata babanta na Makka, zai dawo, kuma ranar Laraba da dare ta ƙi barci tana jiran a kai ta ta gan shi. Ɗahiru ya kifa kansa a gwiwa. Motar ta tashi.

A cikin rahotonsa Sufeto ya rubuta cewa Basiru ya huta a ƙarƙashin kwalbati saboda rashin lafiya. Bai rubuta ruwan ba.

Ya goya shi a babur zai kai shi gida, amma Basiru ya roƙa a fara biyawa ta gona. Kwana biyar ba ruwa a tsakiyar bazara. Albasar ta kwanta gaba ɗaya, ganyen ya koma ruwan ƙasa, fangalan sun tsattsage. Abincin shekarar gidansa ke nan.

Basiru ya tsaya yana kallo. Can ya tambaya ko za a ba shi fartanyarsa. Sufeto ya ce ta zama shaida, ta bi motar Kano, sai an gama shari'a.

Basiru ya gyaɗa kai. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a bakin magudana, ya fara yaƙushe laka da yatsunsa don ruwa ya shiga.